Kofin Alhaji Tace

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa Kankara baiwa da su a shekarun da kuɗin mai ya ɓalle, duk wanda ya tsallake Alhaji Barau ya ci amanar tarihi. Wasu sun kawo wa garin injin niƙa, wasu sun kawo kwanon rufi, wani ma Marsandi ya kawo har ƙofar gidan uwarsa. Alhaji Barau bai tsaya ɓata lokaci kan waɗannan ƙananan abubuwa ba. Shi wayewa ya kawo, a cikin gwangwani, tun daga Kaduna.

Ga yadda aka yi. Ya je Kaduna neman kwangila kamar kowa, domin a lokacin har mai facin keke yana yawo da sunan kamfani a baki. Ya zauna a benci a ƙofar wani ofis tun hantsi har la'asar, yana jiran mai ofis da bai zo ba. Da masinja ya ga bawan Allah ya fara gyangyaɗi, sai ya tausaya masa, ya miƙo masa sauran baƙin ruwan da ya kwana a butar maigidansa. Alhaji ya kurɓa, idanunsa suka kawo ruwa, harshensa ya nemi hanyar gudu. Ya tambayi sunan abin, aka ce kofi. Ya tambayi masu shansa, aka ce manya. Shi ke nan magana ta ƙare. Kwangila dai bai samu ba, amma ya dawo gida da risho sabo fil, da 'yar tukunya mai hannu, da gwangwanin garin kofi, da kuma labarin yadda suka yini da manyan gwamnati suna shan kofi suna gyara ƙasa.

Doka ta farko da ya kafa a gidansa ita ce kada ya ƙara jin kalmar gahawa. Gahawa, in ji shi, ta alhazan da ce, masu zuwa Makka a ƙasa. Sunan abin kofi. Matarsa Hajaratu, wadda ba ta iya ganin magana a karkace ta wuce, ta ce ita dai a saninta kofi mazubi ne, gwangwanin da ake shan ruwa da shi. Alhaji ya dube ta da tausayin da malami yake duban daƙiƙin ɗalibi.

"Na ciki kofi, na waje kofi," in ji shi. "Abu biyu, suna guda. Da irin wanga tattali Turawa suka wuce mu."

Doka ta biyu ta faɗa kan koko. Ya ce daga yau koko ba zai ƙara taka zaurensa ba, domin shi ne yake kashe wa mutanenmu zuciya, su sha su yi ta hamma har azahar. Daga nan ya buɗe makaranta. Kullum bayan an sauko daga sallar asuba, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya kunna risho, ya naɗe hannun babbar riga, ya tare duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ta ƙofar gidan. Ɗalibin da bai taɓa fashi ba shi ne maƙwabcinsa Malam Lawwali, manomi mai kunya, wanda gidansa ba shi da wata hanyar fita sai ta nan.

Karatun kuwa ba na wasa ba ne. "Shi kofi shina da doka," haka Alhaji yake farawa, yana ɗaga cokali sama. "Ba a bari ruwa shi yi ta hauka bisa wuta kamar na tuwo. Da ya fara raɗa sai a sauke. A zuba gari, a motsa a hankali, kada a tada mashi hankali. Sannan a tace, a bari shi kwanta, a tsiyaye. Wanda bai iya tata ba, ko ya je Ingila ya dawo, baƙauye ne."

A wajen tata ne basirar Alhaji take tashi sama. Da farko da rariya ya fara, ta gari, sai ya ga tsaki yana wucewa. Ya koma kan kallabin Hajaratu, wanda ya ɗauka daga igiyar shanya ba sallama, kofi ya yi sati yana ƙamshin man shanu. Daga ƙarshe ya gano sirrin da ko Turawa ba su kai ba, wato safa. Ya sayo sabuwa a kanti, ya rantse wa jama'a ƙafa ba ta taɓa shiga cikinta ba, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin tambayar inda 'yar'uwarta take. Haka za ka same shi durƙushe, ya riƙe safa da yatsu biyu, baƙin ruwa yana ɗiga, fuskarsa cike da natsuwar mai haɗa magani a asibiti.

Ba a jima ba gari ya raɗa masa suna Alhaji Tace. Ya ji daɗin sunan ƙwarai, har ya sa aka rubuta shi a jikin ƙofar zaure da farin fenti. A ganinsa jama'a sun yaba da gwanintarsa ne. Babu wanda ya ga dalilin yi masa bayanin cewa in aka ja sunan kaɗan sai ya koma mijin-ta-ce. Ko da an yi masa bayanin ma zalunci ne, domin Allah shaida, tun da aka kawo Hajaratu gidan bai taɓa yin abin da ta ce ba.

Su kuwa ɗalibai, kowa da dabarar da yake tsira da ita. Wani ya ce yana azumin nafila, har azumin ya zarce na watan Ramadan. Malam Lawwali yakan karɓa da hannu biyu, ya sa albarka, ya jira Alhaji ya juya wajen risho, ya tuttular a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Shi kansa shugaban makarantar, in ka lura, leɓe kawai yake jiƙawa, ya lumshe ido, ya ce, "Kaduna ke nan." Da zaure ya watse sai ya shige cikin gida, ya sakaya ƙofar ɗaki, ya yi gyaran murya. Hajaratu ta san ma'anar gyaran muryar. Takan kawo kwanon koko da zafinsa, ta ajiye, ta fita. Wannan ba karya doka ba ne, domin dokar zaure ta ambata, ba ta ce komai game da ƙuryar ɗaki ba.

To, duk wannan da a kan safa da risho ya tsaya, da sai a ce kowa da irin haukarsa. Amma Alhaji mutum ne mai hangen nesa. Ya ji labarin wani kamfanin Turawa ya kafa sansani wajen Mairuwa, zai yi hanyar da aka ce har Sabuwa za ta kai, kuma yana neman wanda zai riƙa kawo masa tsakuwa. Nan take ya sayar da gonarsa ta gado da ke Yargoje, gonar da take ciyar da gidan tun kakansa, ya sayi tifa. Malam Lawwali ne ya sayi gonar, bayan ya roƙe shi ya sake tunani har ya gaji. Hajaratu ta yi kuka, ta ce rumbu ba ya haihuwa, abin da ke ciki in ya ƙare ya ƙare. Alhaji ya ce mata wanda zai yi hulɗa da Turawa ba ya lissafin damin gero.

Tifa ta zo, ja wur, aka faka ta a ƙofar gida. Ta yi wata da watanni a nan ba ta ɗauki ko tsakuwa ɗaya ba. Kaji suka gane inuwarta ta fi ta dalbejiya, suka koma ƙarƙashinta da ƙwai. Rumbu kuwa yana ta sauka, har Hajaratu ta fara shiga ciki da tsintsiya maimakon ƙwarya. Ga damina ta matso, ga babu gona. In kwangilar nan ta kuɓuce, gidan Alhaji Tace sai dai a ci tayar mota, kuma ko shi da yake cika baki ya san haka, domin ya fara rama a wuya.

Ba shi kaɗai yake neman aikin ba. Akwai wani Alhaji Gide na Faskari, mai tsofaffin motoci biyu da baki kamar an ɗinke. Wannan bai dami Alhaji Barau ba. Ya samu labari daga Mani, tafintan kamfanin, cewa babban injiniyan Bature ne da ba ya iya buɗe ido da safe sai ya sha kofi, kuma tun da ya zo ƙasar nan bai sami mai yi masa yadda yake so ba. Alhaji ya ji kamar an yi masa bushara da Aljanna. Gide mai ba baƙo ruwan randa, ina zai kama ƙafar mai safa? Ya bi Mani da zabi da ƙwai har sai da Bature ya yarda zai biyo ta Kankara ranar Talata, ya ga tifa, ya gaisa da mai ita.

Ana gobe zai zo, Mani ya yi wata magana a kan hanya wadda ta hana Alhaji sukuni. Cewa ya yi a can sansanin, mai tsugunawa gaban risho kuku ake ce masa. Alhaji ya ja ya tsaya. Ya hango kansa durƙushe da safa a hannu, Bature yana kallo, yana tunanin ko ya ɗauke shi aikin girki. A'a, ba za a yi haka ba. Babban ɗan kwangila zama yake yi a kujera, ya tafa hannu, a kawo. Saboda haka da safiyar Talata ya kwashi risho da tukunya da gwangwani ya kai cikin gida, ya dire su gaban Hajaratu. Wannan ne karo na farko da ta ga garin kofi ido da ido, domin a da ya ce ilmin ya fi ƙarfin mata.

"Ki saurara da kyau," in ji shi. "Ki tace, ki bari shi kwanta, ki tsiyaye, ki kawo."

Hajaratu ta ce to ai wannan aikin kamu ne, ta fi shekara ashirin tana yi. Sai dai tana da tambaya guda. "In na tsiyaye, Alhaji, wanne za ni kawo, na sama ko..."

"Kada ki yi mani tambayar ƙauyanci da sassahe," in ji shi. "Mai amfanin za ki kawo. Mi ke da wuya nan?" Ya kaɗa riga ya fita.

A nan dole a yi wa baiwar Allah adalci. Duk macen da ta taɓa yin koko a ƙasar Hausa ta san inda amfani yake. In aka tace ƙullun gero aka bar shi ya kwanta, ruwan da ke sama tsiyaye shi ake yi, na ƙasan shi ne kamu, shi ake damawa. Ba ta taɓa jin inda aka ba baƙo ruwan da aka tsiyaye aka zubar da abin kirki ba. Ta duba garin ta ga bai yi laushi ba, ta zuba a turmi ta kirɓa shi sosai. Ta dafa, ta tace da abin tatarta, ta ba akuya dusar. Ta bar shi ya kwanta, ta tsiyaye baƙin ruwan nan tas a makwarara. Abin da ya rage a gindin tukunya bai fi a shafa a ido ba, sai ta juye gwangwanin gaba ɗaya ta sake, don kada a ce gidan Alhaji an yi wa baƙo rowa. Ta zo damu, abu ya ƙi kauri. Ta tsaya tana duban ɗan kamun da ya rage mata a ƙwarya, na geron ƙarshe da ta share daga rumbu, wanda ta ɓoye don kokon gobe. Amma ta tuna gidan gaba ɗaya a kan wannan baƙo ya rataya. Ta juye shi duka, ta ƙara citta da kanumfari da ɗan barkono, ta dama da iyakar gwanintarta.

A zaure kuwa an shimfiɗa darduma, an aro kujeru daga makarantar firamare, an kori kaji daga ƙarƙashin tifa. Bature ya iso, dogo, jan wuya, da gajeren wando. Alhaji ya tarbe shi da babbar riga mai aska, ya zaunar da shi, ya zaunar da Mani a tsakani, Malam Lawwali kuma a gefe a matsayin shaida. Bature ya so a fara da maganar mota. Alhaji ya ce mota ba gudu za ta yi ba, wanda kuwa gaskiya ne. Ya shiga ba shi tarihin kofi a ƙasar Kankara, daga zamanin jahiliyya zuwa dawowarsa daga Kaduna. Da ya tabbata Bature ya fara haɗiyar yawu, sai ya tafa hannu.

Aka miƙo tire daga bakin ƙofar cikin gida, Malam Lawwali ya karɓo. Kofunan tangaran ne masu zanen fure, kowanne da cokali a tsaye a tsakiyarsa, ba ya ko jingina. Abin da ke ciki baƙi ne ƙirin, mai sheƙi, irin wanda kamfanin da kansa yake malalawa a kan hanya.

Alhaji ya leƙa kofinsa, ya gane abin da ya faru. A wannan lokaci akwai ƙofar tsira a buɗe. Da ya yi dariya ya ce an yi kuskure a cikin gida, da Bature ya yi dariya shi ma, a sha ruwa a koma maganar tsakuwa. Amma wannan yana nufin a ce an yi kuskuren tata a gidan Alhaji Tace, a gaban Bature, a gaban Lawwali, ga suna rubuce da fenti a ƙofa. Ya gyara hula.

Bature ya karkata kofin, babu abin da ya motsa. Ya yi magana, Mani ya fassara: wai ina ruwan?

"Hwaɗa mashi mun zubar," in ji Alhaji. "Mu nan ba mu ba babban baƙo ruwa. Ruwa na masinjoji ne. Wanga shi ne tsantsa, tsarin Kankara, ni na ƙirƙiro shi da kaina. Ko Kaduna ba su kai nan ba tukuna."

Don ya nuna misali, ya ciko cokali ya kai baki. Ɗaci da yaji da tsaki suka haɗu suka riƙe masa maƙogwaro. Hawaye suka zubo, ya ce na shauƙi ne. Ya ƙara wani cokalin, haƙoransa suna ƙas-ƙas. Malam Lawwali ya dubi dalbejiya ta ƙofa, ya ga yau ta yi masa nisa, kuma ko ya isa abin ba zai zubu ba.

Bature bai kai nasa baki ba. Ya ɗebo kaɗan ya murza tsakanin yatsu, yadda masu aikinsa suke murza ƙasa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya yi tambaya cikin ladabi. Mani ya ce wai kamfani tankaɗaɗɗiyar tsakuwa yake so, mai tsabta, to shi Alhaji yaya yake tankaɗe tasa?

Alhaji ya ji an zo fagensa. Ya haɗiye abin da ke bakinsa da ƙyar, ya ɗaga cokali sama kamar yadda ya saba.

"Hwaɗa mashi ya zo gidan tata. Yadda ya ga na yi da kofi, haka ni ke yi da komi. Na sama a watsar, na ƙasa mai laushi shi za ni loda mashi a mota. Ko ƙwaya guda mai tauri ba za shi gani ba."

Mani ya dube shi, ya ce ko Alhaji yana so a fassara haka ɗin? Alhaji ya ce kada ya rage ko wasali. Mani ya fassara. Bature ya gyaɗa kai a hankali, ya goge yatsunsa da hankici, ya miƙe, ya ce ya gode ƙwarai, bai taɓa ganin irin wannan ba a duk ƙasashen da ya zaga. Alhaji ya juya ya dubi Malam Lawwali don ya tabbata shaida ya ji. Ko tifar Bature bai leƙa ba, ya shiga mota suka tafi, Alhaji yana ɗaga musu hannu da baƙaƙen haƙora.

Ranar nan Alhaji bai zauna ba. Abin da ya ci ya hana shi tsayawa wuri ɗaya, ya zaga kasuwa da tasha da ƙofar masallaci yana ba da labarin yadda Bature ya rasa bakin magana. Akuyar gidan ma, da ta ci dusa, haka ta yini tana zagaya turke. Kafin magariba direbobin Faskari suka kawo labari: Bature ya wuce gidan Alhaji Gide, an ba shi ruwan randa ya sha, ya leƙa tsakuwa, an gama magana a tsaye.

Malam Lawwali ne ya zo bayan sallar isha'i, yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Ya ce in ba damuwa, yana neman motar da za ta kai masa taki Yargoje kafin ruwa ya sauka, ladan kuma in an yi girbi zai auna gero. Alhaji ya ce zai duba, domin kamfanoni da yawa suna layi. Daga bayan ƙofa aka ji muryar Hajaratu ta ce an karɓa, Malam, Allah ya saka da alheri. Alhaji ya gyaɗa kai. Karo na farko ke nan da sunan da ke jikin ƙofarsa ya faɗi gaskiya.

Washegari ba a buɗe makaranta ba, tunda gwangwani ya ƙare. Alhaji ya dawo daga masallaci ya shige ƙuryar ɗaki, ya sakaya ƙofa, ya yi gyaran murya. Shiru. Ya sake yi da ƙarfi. Hajaratu ta leƙo ta ce in koko yake jira, kamun ƙarshe yana cikin tsarin Kankara, geron gaba kuma sai kaka, in Malam Lawwali ya auna.

Ta tagar ɗakin Alhaji ya hango mutane sun fara taruwa wajen tifa da shebur da kwanduna, kuma ya san suna jin duk abin da ake faɗa a gidan. Ya daidaita murya yadda za ta kai waje.

"Wa ya ce maki koko ni ke so? Kofi za ki kawo mani."

Ta ce to. Wannan karon ba ta yi tambayar ƙauyanci ba. Ta je ta ɗauko na tangaran mai zanen fure, ta wanke shi tas, ta goge, ta ɗora a tire, ta durƙusa ta ajiye a gabansa da ladabi. Alhaji ya leƙa ciki ya ga fure har gindi.